Mai Kuɗin Sayen Gida, Ka Duba Sabo Kafin Ka Nufi Daji



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu, har da wasu dattawa da ya kamata a ce sun fi haka sani: wai Sabo wurin neman kuɗi ne, ba wurin sayen gida ba. Da zarar Allah ya buɗa wa mutum, ɗayan biyu za ka ji. Ko dai ya ce zai aika a yi masa gini a Kano ko Sakkwato ko Katsina, ko kuwa ya zaro wata takarda mai ƙyalli da dillali ya miƙa masa a ƙofar masallaci, ya ce ya samu fuloti a wata istet can bayan Moniya. Ni dai na ce duka biyun akwai ganganci a ciki, kuma gangancin nan yana cin unguwar nan ta ƙarƙashi kamar gara. Duk gidan da magada suka sa a kasuwa ɗan unguwa ya kau da kai, wani ne daga waje zai saya. Shi kuwa ba zama ya kawo shi ba. Zai rushe zaure ya jera shaguna, iyali takwas ko goma su watse, mu kuma mu zauna a benci muna cewa Sabo ta lalace. To wa ya lalata ta?

Bari mu fara da abin da iyayenmu suka ɗauki gida a unguwar nan, don na lura yaran yanzu ba su san shi ba. A 1916 aka ware wa Hausawa wannan wuri. Kafin nan a warwatse suke cikin gari, suna raɓe a gidajen Yarabawa. A lokacin ma ba a fara ce wa sarkin Badun Olubadan ba, Baale ake ce masa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano bayan shekara 10, sai goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kurmi. Wanda ya riƙe wannan fatauci gaba ɗaya shi ne maigida, kuma da gida ya riƙe shi. Falke ya taso daga Arewa da garke, a gidan maigida zai sauka, a nan zai ci, a nan zai ajiye kuɗinsa. Maigida ne zai haɗa shi da mahauci Bayarabe, ya tsaya masa lamuni, in mahauci ya gudu da kuɗi maigida ya biya daga aljihunsa. Me ya sa baƙo zai yarda ya bar dukiyarsa a hannun mutumin da bai haɗa jini da shi ba? Saboda mutumin yana da gidaje a Sabo, kuma gida ba ya guduwa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi sukutum a kanmu wanda ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Babban abin da ya gano shi ne abin da kowace tsohuwa a Sabo ta sani: ƙarfin mutum a kasuwa daga gidajensa yake tasowa. Su da ba su yi boko ba sun gane haka. Mu da muke yawo da waya biyu-biyu mun manta.

Wani zai ce ai wancan zamanin goro ne, ya wuce. Kayan sun canja, amana ba ta canja ba. Ka tsaya ka kalli 'yan canji a bakin titi. Mutum zai miƙa wa yaro damin kuɗi, yaron ya shige lungu, ba rasit ba shaida, mai kuɗi ya tsaya yana jira hankalinsa kwance. Ba fuskar yaron ya dogara da ita ba. Ya san ubangidansa, ya san ƙofar gidan ubangidan, ya san in ta ɓaci akwai fadar Sarki da za a kai magana. Haka mai ba ka kaya bashi, haka wanda zai sa ka cikin adashi, haka ma wanda za ka je neman 'yarsa. Tambayar farko ita ce, ɗan wane gida ne? Ranar da ka sayi gida a Sabo, ka sayi wannan amsa, ka kuma bar wa 'ya'yanka ita. Babu birkilan da zai gina maka ita a daji ko da buhun siminti dubu ne.

Sannan a dubi inda unguwar take, don mun saba da ita har mun daina ganin ni'imar. Mokola tana bakin ƙofa, daga can kuwa akwai motar kowane ɓangare na gari. Dugbe da bankunanta da tsohuwar tashar jirgi tafiyar 'yan mintoci ce. Filin wasa na Adamasingba maƙwabcinmu ne. Sakatariyar gwamnati a Agodi, kasuwar Bodija, jami'a, duk mota ɗaya ce ko biyu. Uwa uba, UCH. Asibitin koyarwa ne da ya fara aiki tun 1957, wanda mutane ke tasowa daga wasu jihohi su kwana a baranda don su ga likitansa, mu kuwa in naƙuda ta zo da gardama ƙarfe 2 na dare, kafin mai gida ya gama sa takalmi maƙwabci ya tada mota. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro mai shiɗewa a kan babur cikin dare ya san darajar wannan kusanci, ba sai na yi masa bayani ba. Attajiran garin nan suna zuba miliyoyi don su samu wuri a tsakiyar Badun. Mu muna zaune a tsakiyar, muna neman hanyar fita.

Mata ma a tambaye su, tunda su ne suke yini a gidan da muke saya, amma ba a cika shawara da su ba. Matar da ke Sabo tana da sana'arta a cikin ɗaki: tuwo, fura, ƙosai, ɗanwake, ɗinki, kitso, turaren wuta. Masu sayenta suna kewaye da ita, yara ne 'yan aikenta. In ta haihu akwai mai yi mata wankan jego, akwai mai dama kunun kanwa. In suka saɓa da miji akwai tsohuwar da za ta shiga tsakani kafin magana ta kai ga takarda. Ka ɗauke ta ka kai ta bayan gari, ka kewaye ta da katanga mai tsayi, maƙwabciyarta ta kusa ba ta jin Hausa, ita ba ta jin Yarabanci sosai, ka fita tun asuba ka dawo bayan isha'i. Ka kashe mata jari, ka raba ta da mutane, sannan ka zo kana mamaki wai ta canja hali. Yara kuma fa? A nan yaro da ƙafarsa yake zuwa makarantar allo da Islamiyya, ya tashi da Hausa a bakinsa, Yarabanci a kunnensa, Turanci a makaranta. Harshe uku kyauta. Na ga yaran da aka fitar da su daga unguwa suna ƙanana, yau in kakarsu ta zo daga Arewa sai an nemo mai fassara. Wannan abin dariya ne a baki, amma ba abin dariya ba ne.

Rasuwa kuwa, Allah ya sa mu cika da imani, ita ce take nuna wa mutum inda ya zauna. A Sabo in aka yi rashi da asuba, kafin hantsi an yi wanka, an ɗinka likkafani, sahu ya cika, an samu motar kai gawa. Ba wanda ya aika wa kowa katin gayyata. An sha kirana sallar jana'iza a sababbin unguwannin nan na bayan gari, in tarar da mutum bakwai ko takwas a tsaye, ana ta buga waya ana jiran mota ta kwaso jama'a daga Sabo. Wato ko da ka bar Sabo, Sabo ce za ta bi ka ta binne ka.

Yanzu mu zo ga masu takarda mai ƙyalli. A jikinta za ka ga ƙofa mai ado, titi shimfiɗe da kwalta, fitilu, bishiyoyi a jere, wani lokaci har da wurin ninkaya. Ka biya kuɗin mota ka je ka gani da idonka. Allo ne guda a kafe a cikin ciyawa, sai turaku, sai hanyar da ko mai acaɓa sai ya ƙara kuɗi yake shiga da damina. Ba wuta, ba ruwa, ba makaranta, masallaci sai wanda za ka kewaye da kwano da kanka. Dillali zai ce maka ai tashar sabon jirgin Legas tana Moniya, tun 2021 jirgi yake aiki, wurin nan zai yi daraja. Mai yiwuwa ne ya yi, nan da shekara 15 ko 20. Amma kai gidan zama kake nema ko caca? In kuɗin ajiya gare ka da ba ka buƙata, sayi ka manta da shi, ban hana ka ba. Wanda nake jin wa tsoro shi ne mai ɗan jarin da ya tara shekara da shekaru, ya zuba shi a fuloti, ya kai gini linta, kuɗi ya ƙare. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kowa shaida ne. Kangaye nawa ne ke tsaye yanzu a hanyar Iseyin da hanyar Oyo, ciyawa ta cinye su, masu su suna nan cikinmu suna biyan haya?

Kuma dillali ba zai gaya maka yadda ƙasar Yarabawa take ba. Yawancin filayen nan na dangi ne, ba na mutum ɗaya ba. A doka, cinikin filin dangi sai da hannun shugaban gidan, wanda a Badun suke kira mogaji (ku ji kalmar da kyau, magajinmu ne ya sha ruwan Kurmi), tare da amincewar manyan dangi. In wasu daga cikin 'ya'yan gidan suka sayar maka ba tare da shi ba, cinikin banza ne, kamar ba a yi ba. In shi ya sayar ba da yardar sauran manya ba, suna iya zuwa kotu su warware. Shi ya sa za ka ga fuloti ɗaya da rasit uku a hannun mutum uku. Sannan ga omonile. Ka zo haƙa harsashi su zo, ka zo zuba dakin su dawo, ka zo rufi su sake dawowa, kowane zuwa da farashinsa. Jihar Oyo ta yi dokar hana ƙwacen filaye tun 2016, amma doka tana Agodi, kai kuma kana daji kai kaɗai da leburorinka. Ba Bahaushe kaɗai suke yi wa ba, Bayarabe ɗan'uwansu ma kuka yake da su. Bambancin shi ne shi yana da dangi a kusa da za su fito masa.

Ko ka tsallake waɗannan, akwai gwamnati. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar da muke kira si-of-o izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma in gwamnati ta riga ta ware wuri don aikinta, rasit ɗin dangi ba zai cece ka ba. Ku tambayi mutanen da ke gefen babbar hanyar zobe da ake yi ta kewaye Badun. An shafa wa gidaje jan fenti, masu su suka yi ta zanga-zanga a kan faɗin filin da gwamnati ta ce nata ne. Da yawansu da guminsu suka saya, da rasit ɗinsu a hannu. Ruwa ma haka. Waɗanda suka manyanta suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980, matasa kuma sun ga ta watan Agusta 2011 da ta tafi da gadar Apete, ta ci rayuka da gidaje. Filin da aka nuna maka da rani yana kwance lumui, ka koma ka gan shi a watan Yuli ko Satumba kafin ka biya kobo. Dillali da rani yake kai mutane, kuma ya san dalili.

Sai lissafin da ba wanda yake so ya yi. Daga Sabo zuwa Moniya wajen kilomita 15 ne, kuma fulotin naka ba a bakin titi yake ba. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Mai shago a Sabo da ya koma can, kullum sai ya hau acaɓa zuwa titi, ya hau Micra zuwa Ojoo, ya sake hawa wata zuwa Mokola, da yamma ya maimaita. Ka haɗa da na yara 'yan makaranta, da na uwargida in za ta biki ko gaisuwa, da man janareto, da haƙa burtsatse, da kuɗin 'yan sintiri, da karo-karon taransifoma. Ka ninka sau 12, sannan ka faɗa mini arhar fulotin. Ban da awa biyu ko uku da hanya take ci a rana, waɗanda da a shago aka yi su da ciniki ne. A nan zan yi adalci: wanda sana'arsa take karar Akinyele ko kasuwar Sasa, ko mahaucin da aka mayar da aikinsa mayankar Amosun, shi zamansa a can daidai ne, kusa da abincinsa yake, kuma akwai jama'armu a wajen. Maganata da wanda abincinsa ke Sabo ne, ya kai barcinsa daji don a ce ya shiga istet.

Na biyu kuma, mai ginin Arewa, shi ya fi ba ni haushi, don shi yana da kuɗin. Shekara 30, wani 40, yana Badun. A nan ya yi aure, a nan ya aurar, a nan ya binne iyayen gidansa. Amma har yau ɗaki biyu yake haya, yara mata da maza a cunkushe, ya ƙera bene a garinsu wanda yake kwana a ciki sati biyu a shekara da babbar salla. Sauran wata 11 da rabi ƙadangaru ne a ciki, ko wani ɗan'uwa da ya tare ba haya, ranar da aka ce ya tashi zumunci ya ɓaci. In ka tambaye shi sai ya ce, "Malam, ai gida za mu koma." Yaushe? Wa ka gani ya koma? 'Yan kaɗan ne, su ma yawanci da ciwon ajali. 'Ya'yan da ka haifa a Sabo ba za su koma garin da ba su san lungunansa ba. Ranar da ka rasu, abin da zai faru na sha ganinsa a wurin rabon gado: gidan Arewa a sayar da shi da gaggawa a hannun dillalan da suka san magada ba mazauna ba ne, kuɗin ya narke a hanya, uwar marayu kuma mai gidan haya ya ba ta wata uku. Ba na cewa kada mutum ya yi gini a mahaifarsa. Wanda Allah ya ba ikon biyu ya yi biyu. Amma in ɗaya ne, a fara da inda iyali suke kwana.

Na san abin da ke ƙarƙashin zuciyar mai wannan ra'ayi, kuma ba zan raina shi ba, don tsoro ne mai dalili. Yana tuna Shagamu a 1999, yana tuna Idi-Araba a 2002, yana tuna Sasa a Fabrairun 2021, inda rigimar mutum biyu a kasuwa ta zama wuta, aka rasa rayuka, shaguna da gidaje suka ƙone, mutane suka kwana a fadar Sarkin Sasa, har gwamnonin Arewa suka zo jaje. Yana cewa, in zuba dukiyata a ƙasar da rana ɗaya za a ce in tashi? To ɗan'uwa, ina ne yau ba a tashin mutane? Ka tambayi mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato da suka bar gidajen kakanninsu saboda 'yan bindiga, wasunsu suna nan cikinmu suna turin baro. Ka tambayi mutanen Borno. Sannan ka duba da kyau, in fitina ta tashi, Allah ya kiyaye, wa ya fi shiga haɗari: wanda ke cikin jama'arsa a unguwar da hukuma ta san da ita fiye da shekara 100, mai Sarki da dattawan da gwamna yake ɗaga wayarsu, ko wanda ke zaune shi kaɗai a ƙarshen wata hanya? Wuta ba ta tambayar ko haya kake, kayan ɗan haya ma ƙonewa suke. Amma in an zo lissafin asara da maganar diyya, mai takardar gida ake nema. Kuma abin da ke sa maƙwabtanmu Yarabawa su ɗauke mu abokan zama shi ne su ga muna da abin da za mu rasa a garin nan kamar yadda suke da shi. A ƙasar nan ƙungiyar masu gidaje ce take yanke maganar tsaro da wuta da hanya a kowace unguwa, ɗan haya sai dai a gaya masa nawa zai biya. Muddin muna zaman 'yan ci-rani, kallon 'yan ci-rani za a yi mana, ko da kakanmu a nan aka binne shi.

Kada wani ya ce na ɓoye aibin Sabo. Akwai cunkoso. Akwai lambatu da suka toshe, akwai bola a inda bai kamata ba, akwai lungun da ko makara sai an karkata ta take wucewa. Akwai gidajen ƙasa da suka tsufa, bangonsu ya tsage. Akwai yaran da ke shaye-shaye a kusurwoyin da duk mun sani, mun kuma san 'ya'yan su waye. Amma ku lura da gidajen da suka fi lalacewa. Yawanci gidajen gado ne da ba a raba ba, magada 15 ko 20, kowa yana karɓar hayar ɗakinsa, ba wanda zai sayi kwano ɗaya in rufi ya yoye. Ko kuwa gidan da mai shi ya tare wani wuri, ba ya zuwa sai ƙarshen shekara. Gidan da mai shi ke kwana a ciki, ka duba ƙofarsa da safe, a share take. Wanda zai yashe kwata ya kori ɗan ƙwaya daga ƙofar gida shi ne wanda 'yarsa za ta bi ta wurin zuwa makaranta. Kowane mai hali da ya fita, unguwa ta rasa mutum ɗaya mai iya tsawatawa, mai iya zuwa ƙaramar hukuma ya buga tebur. Sai a bar talakawa da tsofaffi, sannan waɗanda suka gudu su riƙa zuwa sallar Juma'a cikin mota suna toshe hanci.

Tsohon gida a Sabo kuwa ba sai ka rushe shi rana ɗaya ba. Ka shiga ɓangare ɗaya, ka gyara ɗaya, ɗakunan waje su biya maka kuɗin bulo. Shago ɗaya a ƙofar gida a unguwar nan ba ya kwana ba ɗan haya. Wane fuloti ne a daji zai fara ba ka kuɗi tun watan farko?

Abin da ya rage shi ne takarda, kuma a nan dole mu canja hali. Iyayenmu sun yi ciniki da shaidu da fatiha a gaban Sarki, ya kuma ishe su a zamaninsu. Yau bai isa ba. Wanda zai sayi gida a Sabo ya fara tambayar yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa. In na gado ne, a kawo masa duk magada, maza da mata, har da wadda ke aure a Gusau da wanda ke Kwatano, kowa ya sa hannu ko ya aiko wakilci a rubuce. Kada ka yarda da babban wa da zai ce, "Ni ne babba, na isa." Bai isa ba, ko a shari'a ko a kotu. A tabbatar an fitar wa matan mamaci tumuninsu, an biya bashi, an zartar da wasiyya, in akwai marayu ƙanana a san wa ke tsaye a kan rabonsu. A yi shaidar fada kamar yadda aka saba, don ita ce mutuncinmu. Bayan nan a ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniya, a kira safiyo ya auna ya fitar da taswira, a je ma'aikatar filaye a Sakatariya a bincika ko akwai wata rajista ko jingina a kan wurin, a nemi sa hannun gwamna a kan cinikin. Kuɗi ne, na sani, kuma akwai jeka-ka-dawo. Bai kai kuɗin shari'ar shekara 10 ba.

Ku kuma magada masu sayarwa, akwai hukuncin da muka karanta a Risala tun muna yara muka ajiye shi a allo, wato shuf'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya wannan farashi ya karɓe kason. Haƙƙin yana faɗuwa in an riga an raba an sa iyaka, ko in yana gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce. Maƙwabci ba ya cikin wannan a wurin Malikawa, Hanafawa ne suka ba shi. Kotun Jihar Oyo ba da Risala take aiki ba, saboda haka kada a jira sai an je can. Tun a zaure za a yi wa 'yan'uwa tayi, a rubuta, a ba su lokaci su nemo kuɗi. Na ga gidan da ƙane ya sayar da ɗakunansa biyu a ɓoye don ya sayi mota, mai sayen ya toshe hanyar rijiya da bulo, yau shekara ta huɗu ke nan 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa gaisawa.

Ina roƙon fadar Sarki da dattawan unguwa su buɗe littafi guda na gidajen da za a sayar. Duk mai niyyar sayarwa ya fara kai suna can, a sanar a masallatai, a ba 'yan unguwa kwana 40 su taya kafin a kai wa dillalan waje. Ba a ce a karya wa kowa farashi ba, mai gida ya karɓi abin da kasuwa ta ba shi, illa dai ɗan unguwa ya ji labari kafin ya ga katafila a ƙofa. In gidan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, 'yan kasuwa uku ko huɗu su haɗa hannu, lauya ya rubuta kason kowa. Muna haɗa kuɗin tirelar albasa da ta shanu da mutanen da ba mu haɗa gari ba, kayan da ke iya ruɓewa ko su kife a hanyar Jebba. Kuma a samu lauya ɗaya ko biyu daga cikin yaranmu da suka karanta doka, a ware musu ranar Asabar a fada, duk mai tsohuwar takardar gida a ƙasan adaka ya kawo a duba masa ita.